Daga Yaba Zuwa Ofishin Minista: Tarihin Aikin Bosun Tijani da Batun Koya wa Matasa Fasahar Zamani

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Shugaban taro, malamaina, iyayenmu da ke zaune a gaba, da ɗalibai maza da mata, ina yi muku barka da zuwa. An nemi in yi magana a kan koyon fasahar zamani, sai na ga ya fi dacewa in ɗauko tarihin aikin mutum guda mu bi shi daki-daki, domin maganar fasaha idan ba a jingina ta da mutum da wuri da shekara ba, takan koma kirari, a tafa a watse. Wanda na zaɓa shi ne Dakta Bosun Tijani, ɗan kasuwar fasaha da aka naɗa Ministan Sadarwa, Ƙirƙira da Tattalin Arzikin Dijital a shekarar 2023. Siyasarsa ba ta cikin abin da ya kawo ni. Abin da nake so mu lura da shi shi ne jerin abubuwan da ya gina kafin ya kai ga maganar horar da miliyoyin matasa, saboda a ganina wannan jerin ne muke yawan tsallakewa.

An haife shi a shekarar 1977. Ya yi karatu a Jami'ar Jos, inda ya yi difloma a ilimin kwamfuta, ya kuma yi digirinsa na farko a fannin tattalin arziki. Daga nan ya wuce Ingila ya yi digiri na biyu a Jami'ar Warwick a kan sarrafa tsarin bayanai, sannan ya kammala digirin digirgir a Jami'ar Leicester a 2023. Ya yi aiki da Cibiyar Kasuwanci ta Ƙasa da Ƙasa da ke Jeniba, wadda aikinta shi ne taimaka wa ƙananan 'yan kasuwa na ƙasashe masu tasowa su kai hajarsu kasuwannin duniya, ya kuma yi aiki da kamfanin Pera a Ingila. Ina so ɗaliban tattalin arziki da zamantakewa da ke cikin ɗakin nan su riƙe wannan: mutumin ya shigo harkar ne ta ƙofar kasuwa, tambayarsa ta farko ita ce wa zai yi amfani da abin, wa kuma zai biya.

A shekarar 2010 shi da abokinsa Femi Longe suka kafa wata cibiyar matasa masu harkar fasaha mai suna Co-Creation Hub, wadda aka fi sani da CcHub, aka buɗe ƙofarta a 2011 a kan titin Herbert Macaulay da ke unguwar Yaba a Legas, da tallafin gidauniyoyi irin su Omidyar Network da Indigo Trust. Sai mun tuna yadda al'amura suke a lokacin kafin mu gane nauyin abin. Shekaru da dama intanet ɗin Najeriya ya dogara ne da waya guda ta ƙarƙashin teku, wato SAT-3, da kuma tauraron ɗan'adam, ga tsada ga jan ƙafa. A 2010 ɗin nan ne kamfanin MainOne, ƙarƙashin jagorancin Funke Opeke, ya sauke tasa wayar mai tsawon kimanin kilomita 7,000 daga Fotugal zuwa Legas. Matashin da ke son koyon rubuta manhaja a wancan zamani yakan sayi awa ɗaya ko biyu a shagon intanet, yana cikin sauke darasi wuta ta ɗauke, ya zauna jiran a tayar da janareta, lokacinsa kuwa yana ƙonewa.

To, me CcHub ta ba irin wannan matashi? Ta ba shi tebur da kujera, da wutar da ba ta yankewa, da intanet mai ƙarfi, sannan ta ba shi abin da ya fi duka waɗannan daraja, wato maƙwabcin zama. Duk wanda ya taɓa rubuta manhaja ya san yadda waƙafi guda da aka manta kan iya hana aiki tafiya, mutum ya kwana biyu yana neman inda matsalar take, alhali wanda ya riga shi a sana'ar zai leƙo ta kafaɗarsa ya nuna masa layin cikin minti ɗaya. Haka ake koyon ɗinki, haka ake koyon kanikanci, kuma fasahar kwamfuta ba ta fita daga wannan ƙa'ida ba. Zaɓen Yaba ma ba da ka aka yi shi ba, domin Jami'ar Legas da Kwalejin Fasaha ta Yaba duk suna nan kusa, ɗalibai suna iya zuwa su koma a wuni guda.

Bari in tsaya a kan misali ɗaya da nake ƙauna, wato BudgIT, wadda Oluseun Onigbinde da Joseph Agunbiade suka fara a 2011 daga cikin wannan cibiya. Kasafin kuɗin gwamnatin tarayya kundi ne mai ɗaruruwan shafuka cike da lambobi, wanda ko ɗan boko yakan gaji kafin ya gano nawa aka ware wa asibitin garinsu. Sai waɗannan matasa suka ɗauki alƙaluman suka warware su, suka mayar da su zane-zane masu sauƙin fahimta da mutum zai duba a wayarsa. Daga baya suka fito da Tracka, inda jama'a ke bibiyar ayyukan mazaɓu su ga ko rijiyar burtsatse da aka rubuta a takarda tana nan a ƙasa. Fasahar da aka yi amfani da ita ba wata mai wuyar gaske ba ce. An samu matsala ta haƙiƙa wadda ke damun mutane, aka samu masu ƙwarewa, aka haɗa su a ɗaki guda. A nan ne mai koyo yake zama gwani, domin yana aiki ne a kan abin da wani zai yi amfani da shi gobe, kuma idan ya yi kuskure za a dawo masa da shi.

Bayan ɗaki ya samu, sai suka waiwayi unguwar. CcHub ta haɗa kai da MainOne da gwamnatin jihar Legas aka shimfiɗa wayar fiba a titunan Yaba. Wannan waya zare ne na gilashi mai siririn gashi, wanda saƙo ke bi ta cikinsa a siffar haske, kuma tsadar aikinta tana wajen haƙa rami da biyan kuɗin izinin bin gefen hanya. Da wayar ta shiga ƙasa, kamfanoni suka yi ta kama haya a unguwar, ciki har da Andela, kamfanin horar da masu rubuta manhaja da aka kafa a 2014. Shi ya sa da Mark Zuckerberg, mai kamfanin Facebook, ya zo Najeriya a watan Agustan 2016, CcHub ya fara sauka, ya tarar da yara 'yan makaranta suna koyon rubuta manhaja a lokacin hutu. Mutane da yawa hoton ziyarar kawai suka gani. Shekaru biyar na tebur da wuta da haƙa rami ne suka jawo baƙon.

Abin da ya biyo baya zan taƙaita shi. Cibiyar ta buɗe sashen ilimi mai suna re:learn don kai fasaha makarantu, ta buɗe ɗakin ƙira a Kigali ta Ruwanda a 2019, a shekarar kuma ta sayi iHub, wata cibiya irinta da ke Nairobi.

Kafin mu shiga ofishin minista, akwai darasin Andela, wanda bai kamata mai maganar horar da matasa ya kawar da kai daga gare shi ba. Tsarin kamfanin da farko shi ne ya zaɓo haziƙan matasa, ya horar da su yana biyansu, sannan ya haɗa su da kamfanonin ƙasashen waje. A 2016 ya samu jarin dala miliyan 24 ƙarƙashin jagorancin gidauniyar Zuckerberg da matarsa. Amma a watan Satumbar 2019 ya sallami kimanin ƙananan injiniyoyi 400 a Najeriya da Kenya da Yuganda, bisa dalilin cewa masu ɗaukar aiki ƙwararrun da suka daɗe a fage suke nema. Waɗannan matasa an tace su sosai kafin a ɗauke su, an kuma koyar da su da kyau, duk da haka kasuwa ta ce ba ta da gurbinsu a lokacin. Tsakanin gama koyo da samun aikin farko akwai rami mai faɗi, kuma a cikinsa ne yawancin 'ya'yanmu suke faɗawa.

A watan Agustan 2023 Shugaba Bola Tinubu ya aika da sunan Bosun Tijani Majalisar Dattawa don naɗa shi minista. A wajen tantancewa sanatoci sun tono wasu tsofaffin kalamansa masu zafi a Twitter game da ƙasa da majalisa, ya ba da haƙuri, aka tabbatar da shi. Ya gaji Farfesa Isa Ali Pantami, wanda a zamaninsa aka ƙara wa ma'aikatar sunan tattalin arzikin dijital, aka kuma sanya hannu a dokar tallafa wa sababbin kamfanonin fasaha a 2022. Kafin shekarar 2023 ta ƙare, ma'aikatar tare da hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, wato NITDA, ƙarƙashin Kashifu Inuwa Abdullahi, suka ƙaddamar da shirin 3MTT, da burin horar da mutum miliyan 3. An fara da 30,000, rukuni na biyu aka tsara 270,000, a fannoni 12 da suka haɗa da rubuta manhaja, nazarin alƙaluma, tsaron intanet, ƙirƙirarriyar basira da zanen fuskar manhaja. Masu neman shiga sun haura miliyan ɗaya. Tsarin ya haɗa darasi ta intanet da haɗuwa ido da ido a cibiyoyi a jihohi, kuma a nan nake ganin tasirin Yaba a fili, domin wanda ya gina CcHub ya san bidiyo kaɗai ba ya fitar da gwani.

Wannan ɓangare na yaba da shi. Damuwata ita ce, a Yaba an tanadi wuri da wuta da intanet da abokan aiki da masu saye kafin a ce a zo a koya, amma a shiri na ƙasa baki ɗaya horon ne ya riga sauran isa garuruwa da yawa. Na taɓa zama kusa da wata ɗaliba mai koyon nazarin alƙaluma, ba ta da kwamfuta, da wayar hannu take aikin. Jadawali mai ginshiƙai goma sha biyu take ƙoƙarin gyarawa a fuskar da ba ta wuce tafin hannu ba, tana ja da yatsa biyu tana faɗaɗawa, tana rubuta lambobin a littafi don kada ta manta abin da ya shige gefe. Ta fahimci darasin sarai, na gwada ta na tabbatar. Amma ranar da mai ɗaukar aiki zai ce ta nuna abin da ta taɓa yi, me za ta buɗe masa? Irin wannan ɗaliba kwamfuta take buƙata ta awa huɗu a rana, a wurin da iyayenta suka amince ta je, da wata wadda ta riga ta a sana'ar da za ta duba mata aiki.

Shi ya sa nake ganin babban aikin da ya kamata mu sa wa ido shi ne na shimfiɗa wayar fiba mai tsawon kilomita 90,000, wanda gwamnatin tarayya ta amince da shi a 2024 don ƙarawa a kan kimanin kilomita 35,000 da ake da su. Wannan shi ne aikin titunan Yaba a ma'aunin ƙasa, kuma ba ya hannun minista shi kaɗai. Tun 2013 aka amince a matakin ƙasa cewa kuɗin izinin haƙa hanya ya zama naira 145 a kan kowace mita, amma jihohi da yawa suka ci gaba da karɓar ninkin-ba-ninkin haka. A 2020 Ekiti ta sauko zuwa naira 145, Kaduna kuwa ta yafe kuɗin gaba ɗaya. Duk jihar da ta tsawwala wannan kuɗi, ta samu na kashewa a bana, ta kuma kori wayar da 'ya'yanta za su ci abinci da ita shekaru masu zuwa. Ga kuma tsadar data, musamman bayan da hukumar NCC mai kula da kamfanonin sadarwa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a watan Janairun 2025. Kamfanoni suna da hujjarsu ta tsadar dizal da faɗuwar naira, amma ɗalibin da darasinsa bidiyo ne, shi ya fi jin ƙarin a jikinsa.

Saura batun masu saye. Ba kowane mai koyo ne zai samu aikin da ake biya da dala ba, kuma cusa wa matasa wannan buri shi kaɗai zalunci ne a gare su. Aikin farko yakan fito ne daga kusa: makarantar da ke son tsara sakamakon jarrabawa, asibitin da katunan marasa lafiya suka yi masa yawa, dillalin hatsi da ke son sanin abin da ya shiga sito da abin da ya fita. Yawancin waɗannan mutane da Hausa suke ciniki, saboda haka matashin da ya iya fasahar kuma ya iya zama da ɗan kasuwa ya fahimci matsalarsa da harshensa yana da abin da gwanin wata ƙasa ba shi da shi. Akwai cibiyoyi irin su CoLab a Kaduna da nHub a Jos da suka nuna cewa ana iya kafa irin ɗakin Yaba a Arewa. Ina roƙon attajiranmu da shugabannin makarantu da ke nan su duba abin da ake buƙata a zahiri: ɗaki guda, faifan sola, kwamfutoci ashirin, layin intanet, da ƙwararre ɗaya da za a biya albashi ya zauna da yaran. Sannan idan aikin kwamfuta ya taso a ma'aikatunku, ku fara ba su su gwada, ku biya su haƙƙinsu.

Shugaban taro ya yi mini alamar lokaci, don haka a nan zan dakata a shiga tambayoyi, kuma ina so a fara da ɗalibai mata da ke layin baya. Na gode, wassalamu alaikum wa rahmatullah.