Fodkas: Yadda FreeBSD ta bar libkse ta kama libthr

Malama: Barkanmu da warhaka. Tun makon jiya masu sauraro ke muhawara a kan laburaren zare na FreeBSD, wato tsarin sarrafa kwamfuta irin su Linux. Zare shi ne layin aiki guda a cikin manhaja, libkse da libthr kuma laburare biyu ne masu kula da zaruruwan. Wasu suna cewa an yi wa libkse rashin adalci da aka maye gurbinsa da libthr. Injiniya, kai da ka kula da saba, wato kwamfutar da ke yi wa wasu hidima, a wancan zamanin, me ka gani?

Injiniya: Malama, ni kaina na so libkse, kuma har gobe ina ganin kyan tsarinsa. Dabararsa ita ce a ɗora zaruruwa masu yawa na manhaja a kan 'yan kaɗan na kanel, wato zuciyar tsarin sarrafa kwamfutar, ta yadda idan ɗaya ya tsaya jiran faifai, kanel zai sanar da laburaren domin ya ba wani dama. Sai dai masu rabon lokacin sun zama biyu, ɗaya a kanel, ɗaya a laburare, alhali ba a sarki biyu a gari ɗaya. Idan manhaja ta maƙale, sai ka kwana kana neman wanda ya riƙe ta. Shi kuwa libthr, wanda Jeff Roberson ya rubuta a 2003, kowane zare kanel ya san da zamansa.

Malama: Amma ai zaɓin yana hannun mai kwamfuta.

Injiniya: Ƙwarai, kuma wannan ne abin da na fi yabawa. A FreeBSD 6 akwai fayil ɗin libmap.conf, inda ake faɗa wa manhaja laburaren da za ta yi amfani da shi. Ina tuna daren da na buɗe shi, na sa sunan mysqld, wato sabar manhajar adana bayanai ta MySQL, na rubuta layi ɗaya tak mai juya libpthread.so.2, wato libkse, zuwa libthr.so.2, na kashe MySQL na sake kunna ta. Ban sake haɗa komai daga tushe ba. Na maimaita gwajin har sau uku domin ban yarda da idona ba, kowane karo kuma libthr ne a gaba idan masu tambaya suka yi yawa. Layin nan ya ba mutane damar su auna da hannunsu, maimakon su tsaya gardama.

Malama: Linux ma irin tsarin libthr ta zaɓa da laburarenta NPTL a 2003, Solaris 9, wani tsarin sarrafa kwamfutar, kuma ta riga ta.

Injiniya: Shi ya sa da FreeBSD 7.0 ta fito a 2008 libthr ne na asali, a 8.0 kuma aka cire KSE, tsarin da libkse ya dogara a kai, ɗungurungum.

Malama: Na so mu taɓo yadda harshen rubuta manhaja na Go ya dawo da waccan dabara ta libkse cikin kansa, amma lokaci ya ƙure. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.