Darasi: Yadda jami'an Sin na da ke rubuta wa tsaransu takarda

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau ofisoshin sarakunan ƙasar Sin na da za mu leƙa, mu ga yadda jami'i ke rubuta wa wanda bai fi shi muƙami ba, shi ma bai fi shi ba.

To ku duba, in na sama za ka rubuta wa ai ka san abin yi, ka rusuna ka kai rahoto. In na ƙasa ne ka ba da umarni shi ke nan. Amma tsaranka fa? Kamar hakimi ne zai aika wa hakimin da suke iyaka, in ya yi umarni a ce wa ya naɗa ka a kaina, in ya yi roƙo ya zubar da girman kujerarsa. Duk salon waɗannan takardu daga wannan tsaka mai wuyar ya fito.

A 2002 an tono wata tsohuwar rijiya a Liye, lardin Hunan, aka samu allunan katako sama da 36,000 na zamanin daular Chin, kusan shekara 2,200 ke nan. A ciki in ƙaramin jami'i zai rubuta wa na sama yana buɗewa da "gan yan zhi", wato na yi ƙarfin halin faɗa, kuma ya rufe da shi. In ofishin da ba ya ƙarƙashinsa ne sai ya ce "gan gao", na yi ƙarfin halin sanarwa. Tun lokacin an riga an ware hanya ta uku.

A zamanin daular Han sunan da ya yi fice shi ne "yi", takardar da ake miƙawa daga wannan ofishi zuwa wancan. Kuma a lokacin akwai sakewa, mutum na iya zuba hikima son ransa. Wajen shekara ta 6 kafin haihuwar Annabi Isa, malami Liu Xin ya aika wa malaman makarantar fada irin wannan takarda yana caccakarsu don sun ƙi yarda a koyar da tsofaffin littattafai irin su Zuo Zhuan, ba shi da ikon tilasta musu, hujja kawai ya jera musu da zafin harshe, abin ya ɓata musu rai har sai da shi da kansa ya nemi a tura shi aiki nesa da babban birni. Ni dai a ganina nan ne wannan salo ya fi armashi, kafin doka ta ɗaure shi.

Daular Tang ce ta ɗaure shi. Kundin tsarin mulkinsu Tang Liudian, da aka kammala a 738, ya ce in ofisoshi za su tuntuɓi juna hanya uku ce, guan, ci, da yi. Daga daular Song kuma wata takarda mai suna "zi" ta fara shigowa, zuwa daulolin Ming da Ching ita ce takardar manya, ma'aikatu shida na fada da gwamnonin larduna da ita suke magana. Har sarkin Koriya na daular Joseon zi yake musaya da Ma'aikatar Al'adu ta Beijing.

Yanzu bari mu ɗauki zi ɗaya ta zamanin Ching mu duba. Layin farko muƙamin mai aikawa da dalilin takardar a taƙaice. Sai ya kwafo takardar da ta jawo maganar, kalma da kalma, wani lokacin takarda cikin takarda cikin takarda har kai ya yi zafi, ga shi ba aya ba waƙafi. To ya za ka gane inda maganar wani ta ƙare? Da 'yan kalmomin rufewa. In ka ga "feng ci" daga sama ta zo, "ju ci" daga ƙasa, "zhun ci" kuwa daga tsara. Ofishin abokin aiki ana ce masa "gui", mai daraja, naka kuma "ben", wannan namu, ba yabo ba ƙasƙanci. In an ambaci sarki a tsakiya dole a yanke layi a ɗaga kalmar sama da sauran. Ƙarshe a sa kwanan wata a buga jan hatimi.

Kada ku ɗauka wasa ne. A birnin Kanton Turawan Ingila ba su da damar rubuta wa gwamna kai tsaye, sai dai "bing", takardar koke, ta hannun 'yan kasuwar da gwamnati ta amince da su. A 1834 jami'in Ingila Lord Napier ya aika wasiƙa irin ta tsara da tsara ga gwamna Lu Kun, aka ƙi karɓa a ƙofar gari. Bayan yaƙin Opium tsakanin Ingila da Sin, a yarjejeniyar Nanjing ta 1842, sai da Ingila ta sa sashe na 11 musamman kan wannan, cewa babban jami'inta zai riƙa rubuta wa manyan jami'an Sin da "zhaohui". Har yau da wannan sunan Sinawa ke kiran takardar diflomasiyya tsakanin ƙasashe.

Nan za mu tsaya, darasi na gaba takardun da ake kai wa sarki za mu duba. A huta lafiya.