Sharhi: Ƙasar Amurka Ta Faɗaɗa, Amma Wa Aka Bari Ya Jefa Ƙuri'a?

Jama'a masu sauraro, barkanmu da war haka. Sharhinmu na yau ya waiwayi Amurka ta ƙarni na 19, lokacin da ƙasar ta yi ta haɗiye yankuna tana kuma kirarin mulkin jama'a.

A shekarar 1803 shugaba Thomas Jefferson ya sayi yankin Louisiana daga hannun Napoleon na Faransa a kan dala miliyan 15, girman ƙasar ya ninka. A 1845 aka haɗe Texas, sannan yaƙi da Meziko ya ƙare a 1848 da karɓe California da maƙwabtanta. Kafin ƙarnin ya kai rabi, ƙasar da ta fara a gaɓar tekun Atlantika ta dangane da tekun Pasifik.

A daidai wannan lokaci jihohi suka riƙa soke sharaɗin cewa sai mai dukiya ne zai yi zaɓe. Talaka farar fata ya samu ƙuri'a, kuma ƙuri'un irin waɗannan talakawa na cikin abin da ya ɗora Andrew Jackson a kan mulki a zaɓen 1828. Wannan ci gaba ne, ba mai musu. To amma a duba abin da ya zo tare da shi. Tsarin mulkin jihar New York na 1821, wanda ya sassauta wa fararen fata, shi ne ya ce baƙar fata ba zai yi zaɓe ba sai ya mallaki kadarar dala 250. Jihar Pennsylvania kuwa a 1838 ƙwace ƙuri'ar baƙaƙe ta yi ɗungurungum. Mata, fari da baƙi, ba a ma sa su a lissafi ba.

Abin da ya fi sosa rai shi ne labarin ƙabilar Cherokee, 'yan asalin ƙasar. Waɗannan mutane suna da rubutunsu, suna da jaridarsu, sun rubuta tsarin mulkinsu a 1827. Da jihar Georgia ta sa ido a kan ƙasarsu, ba su ɗauki makami ba, shari'a suka bi. A 1832 Kotun Ƙoli ta yanke cewa dokokin Georgia ba su da iko a ƙasar Cherokee. Hukunci ya fito, amma babu mai zartar da shi, domin tun 1830 Jackson ya sa hannu a dokar kwashe 'yan asali zuwa yamma da kogin Mississippi. A 1838 sojoji suka tasa su gaba zuwa inda ake kira Oklahoma a yau. An ƙiyasta kimanin mutum 4,000 sun mutu saboda sanyi da yunwa da cuta. Ƙasar da aka kore su daga ciki, fararen fata aka raba wa.

Kowane sabon yanki kuma sai ya tayar da tambaya guda: za a shiga da bayi ko ba za a shiga ba? A 1820 aka ja layi a taswira, bauta a kudu, 'yanci a arewa. A 1854 aka rushe wannan sulhu. Sai 1857, a shari'ar wani bawa mai suna Dred Scott, babban alƙali Roger Taney ya yanke cewa baƙar fata, ɗa ne ko bawa, ba zai zama ɗan ƙasa ba. Bayi sun kai kusan miliyan 4 a ƙidayar 1860. Abin da majalisa da kotu suka kasa warwarewa sai yaƙin basasa ya warware daga 1861 zuwa 1865, bayan asarar rayuka sama da 600,000.

Kimanin baƙaƙe 180,000 ne suka yi yaƙi a rundunar arewa. A cikinsu har da wani ɗan Kukawa ta ƙasar Borno, Muhammad Ali ɗan Sa'id, wanda aka fi sani da Nicholas Said. An kama shi bawa yana yaro, aka ƙetara Sahara da shi, ya ratsa Istanbul da Rasha, ya samu 'yanci, sannan a 1863 ya shiga rundunar Massachusetts ta 55. Mutum ne da ya san ɗacin bauta da jikinsa, kuma bayan yaƙi ya koyar da 'ya'yan 'yantattu a kudancin ƙasar.

Bayan yaƙin an yi wa tsarin mulki gyara sau uku: na 1865 ya haramta bauta, na 1868 ya ba duk wanda aka haifa a ƙasar matsayin ɗan ƙasa, na 1870 ya hana a tauye wa mutum ƙuri'a saboda launin fata. A wannan shekarar Hiram Revels na Mississippi ya zama baƙar fata na farko a majalisar dattawa.

A ganina, masu sauraro, nan ne ya kamata a fi tsayawa, domin ba a taɓa goge waɗannan gyare-gyare daga takarda ba, barin su aka yi ba mai gadi. A 1877 gwamnatin tarayya ta janye hannunta daga kudu, tsofaffin iyayengiji suka dawo da ƙarfinsu. Suka ƙirƙiro harajin zaɓe da jarrabawar karatu, ga kuma 'yan ta'adda masu rataye mutane. A 1896 Kotun Ƙoli ta halatta wariya a jiragen ƙasa. A jihar Louisiana, baƙaƙe masu rajistar zaɓe sun haura 130,000 a 1896. Zuwa 1904 ba su kai 1,400 ba. Sai da aka kai 1965 kafin majalisar dokoki ta kafa dokar da ta mayar wa jikokinsu ƙuri'arsu a zahiri.