Cokali ɗaya na mai da rabin kilo na kabeji: lacca kan kayan lambu, ƙoshi da rage ƙiba

Assalamu alaikum warahmatullah. Na baya, kuna ji na? To madalla. Idan murya ta yi ƙasa, ku ɗaga mini hannu.

Abubuwa biyar na rubuto a takardar nan kan kayan lambu da rage ƙiba, kuma in Allah ya yarda za mu bi su ɗaya bayan ɗaya. Amma kafin na farko, bari in kawar da wata magana daga hanya, domin kullum da ita ake tare ni. A ce, wane ganye ne ke ƙona kitse? Jama'a, babu shi. Ko kokwamba, ko kabeji, ko lemun tsami a ruwan ɗumi da sassafe, babu wanda yake shiga jiki ya narkar da teɓa. Duk wanda ya sayar muku da wannan magana, kuɗinku yake so. Jiki yana taɓa kitsen da ya ajiye ne idan abin da ke shiga bai kai abin da yake ƙonawa ba, kuma kilo ɗaya na kitsen jiki ya kai kalori 7,700 ko kusa da haka, kalori kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki. Wahalar kuwa ita ce yunwa. Kowa na iya rage abinci na kwana uku, a rana ta huɗu sai yunwa ta rama har da riba. Aikin kayan lambu ke nan, su cika maka ciki ba tare da sun cika maka jiki ba.

Na farko, ruwa. Ku dubi teburin nan. Da gangan na zo da waɗannan abubuwa, gani ya kori ji. Wannan cokali ne babba, na cika shi da mai. Ga shi, ko leɓe bai isa ya jiƙa ba. Kalori kusan 120 ne a cikinsa. Wannan kuma kabeji ne, na yanka shi na auna, giram 480, wato saura kaɗan rabin kilo. Kun ga yadda ya yi tozo a kwano har yana zubowa? Shi ma kalori 120. Daidai suke. Hajiya, ke da kike gaba, ɗan ɗaga kwanon nan ki ji. Da nauyi ko? Yanzu ki faɗa wa jama'a tsakani da Allah, za ki iya cinye shi a zama ɗaya? (dariya) Ta ce sai dai a taya ta. To amma cokalin man nan, za ki iya ƙara uku a girki ba ki ma san kin ƙara ba.

Dalili a fili yake. Giram ɗaya na mai kalori 9 ne. Giram ɗaya na sitaci ko na furotin kalori 4. Ruwa kuwa sifili. Kokwamba kusan kashi 95 cikin ɗari ruwa ce, shi ya sa giram 100 nata kalori 15 kacal. Latas ma haka. Tumatir 18, alayyahu 23, kabeji da yalo 25, kabewa 26, kuɓewa 33, karas 41. Ku ajiye waɗannan kusa da dafaffiyar farar shinkafa, wadda giram 100 nata yake da kalori 130. Shi kuwa ciki ba ya lissafin kalori. Jaka ce mai miƙewa, a bangonta akwai jijiyoyi masu jin an buɗa ta, su ne ke aika wa ƙwaƙwalwa saƙo cewa kaya sun iso. Nauyi da yawa yake ji. In ka ba shi rabin kilo, ya ji rabin kilo, ko na kabeji ne ko na soyayyen abu.

Na san abin da wani yake rayawa a ransa yanzu: ashe sai in kwankwaɗi ruwa kofi uku kafin abinci, shi ke nan. A nan ne nake so ku ba ni hankalinku, domin wannan ne wurin da ya fi burge ni a duk karatun nan. Akwai wata masaniyar abinci a Jami'ar Jihar Pennsylvania da ke Amurka, Farfesa Barbara Rolls, ta shafe shekaru tana bin wannan tambaya. A 1999 ita da abokan aikinta suka tara wasu mata, suka riƙa ba su wani ɗan abin taɓawa na shinkafa da kaza kafin abincin rana, ta hanya uku. Wata rana a ba su shi haka nan. Wata rana a ba su shi da kofin ruwa a gefe, su sha. Wata rana kuma a ɗauki wannan ruwan, daidai wannan kofin, a zuba cikin abincin ya zama romo. Ku lura, na biyu da na uku abu ɗaya ne ya shiga ciki, shinkafa ɗaya, kaza ɗaya, ruwa ɗaya. Sannan a kawo abincin rana a ce kowa ta ci iya son ranta. Ranar da aka sha ruwa a kofi, cin bai sauya ba. Ranar romo kuwa, sai ga shi sun rage ci sosai.

Ruwa ɗaya fa! Ku sake ji, ruwa ɗaya. Wanda aka sha a kofi baƙo ne mai sauri, yana shiga yana wucewa hanji. Wanda yake cikin abinci kuwa zama yake yi tare da abincin. Ido ma ya ga kwano cike, baki ya daɗe yana aiki. Yanzu ku tambayi kanku, wane abinci ne Allah ya halitta da ruwansa a ɗaure a jikinsa tun daga gona? Ga shi nan a kwano. Duk gutsuren kokwamba da ka tauna, ruwa ne a cikin 'yan mitsi-mitsin ɗakuna, sai haƙori ya fasa su ɗaya bayan ɗaya. Ba na cewa ku daina shan ruwa, Allah ya kiyaye, ku sha. Wanda ya maye gurbin lemon kwalba da ruwa ya yi babban aiki. Sai dai ruwan da ke riƙe ciki shi ne wanda aka tauna.

Kuma ba su tsaya nan ba. A 2004 suka gwada salak kafin abinci. Da aka ba mutane babban kwano na salak mara maiƙo, abin da suka ci gaba ɗaya, har da salak ɗin, ya ragu da kashi 12 cikin ɗari. A 2007 suka gwada romon kayan lambu kafin abinci, ya ragu da kashi 20. Ɗaya cikin biyar ke nan, ba tare da an ce wa kowa ya kame bakinsa ba. Ni abin da ke taɓa zuciyata ke nan. Na sha zama da mutanen da suka gaji da kansu, suna ganin su ne ba su da haƙuri, ana ta yi musu gori a gida da waje. Wata baiwar Allah ta taɓa ce mini tana kwana da yunwa tana kuka, gari na wayewa ta ci ninki biyu, sai ta tsani kanta. Na ce mata kada ki rage komai tukuna, ki ƙara. Ta dube ni kamar ba ta ji daidai ba. Na ce ki fara da kwanon ganye, ki cinye shi, sannan ki juya ga sauran. Wanda ya shigo farko shi ke samun wurin zama. Idan shinkafa ta riga shiga, ganye ya zama ado a gefen faranti, a ɗan tsakura a bar shi.

Ina muke? Na biyu ko na uku? To, na biyu. Faiba, wato zare-zaren nan da dusar da ke jikin tsiro, wanda cikinmu ba ya iya narkarwa. Iri biyu ne. Akwai mai kauri, irin na jijiyar ganye da ɓawo, shi ke ƙara auki ya sa bayan gida ya zo da sauƙi. Akwai kuma mai narkewa a ruwa ya yi yauƙi. Kun san yauƙin kuɓewa? Shi ne. Wannan yauƙin yana rage saurin fitar abinci daga ciki, sukari ya shiga jini a hankali, yunwa ta jinkirta dawowa. Idan faiba ya isa babban hanji, ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zaune a can su ci, abin da suke fitarwa kuma ya taimaka wa hanji ya saki sinadaran ƙoshi, ciki har da wanda ake kira GLP-1. Masu bin labarai sun ji alluran rage ƙiba da na ciwon sukari irin su Wegovy da Ozempic. To wannan sinadarin suke kwaikwayo. Kada wani ya fita ya ce na ce kuɓewa allura ce, ƙarfinsu ba ɗaya ba ne ko kusa, hanyar ce dai ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu aƙalla giram 25 na faiba a rana, da aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itatuwa.

Tauna ita ce ta gaba, ba zan daɗe a kanta ba. Saƙon ƙoshi yana ɗaukar lokaci kafin ya kammala isa, kamar minti ashirin. Ɗanyen karas ba ya yarda a haɗiye shi da gaggawa, dole ka zauna da shi. Shi ya sa ban cika son a matse kayan lambu a tace a sha ruwan ba. An zubar da faiba, an kori tauna, an bar zaƙi.

Sai mai, kuma a nan ne gizo ke saƙa. Wancan gwajin salak na 2004 da na faɗa muku, da aka cika salak ɗin da cuku da maiƙo, maimakon cin ya ragu sai ya ƙaru da kashi 17. An gudu ba a tsira ba. Mayonis cokali ɗaya ya kusa kalori 100, kuma wa ke sa cokali ɗaya? Na ga wasu sun sunkuyar da kai, ban ambaci sunan kowa ba. (dariya) Yalo kuma soso ne, ka jefa shi a kasko ya shanye man ya nemi ƙari. Amma kada ku kore mai gaba ɗaya, domin sinadarin da ke zama bitamin A a karas da alayyahu, da bitamin K, sai da ɗan maiƙo jiki ke ɗaukarsu da kyau. A auna da cokali kawai, kada a tuttula daga kwalba. A turara, a gasa, a dafa sama-sama.

Na huɗu, ko na biyar ne, ganye kaɗai ba ya riƙe mutum har yamma. Wanda ya ci kokwamba zalla da rana, kafin la'asar hannunsa na rawa. A haɗa da furotin: wake, ƙwai, kifi, nama mara kitse. Rabin faranti kayan lambu, kwata furotin, kwata hatsi. Sannan a shiga a hankali, wanda bai saba ba ya tashi rana ɗaya ya cinye kabeji kwano guda, kumburin ciki da iska za su sa ya rantse ba zai sake ba. Mai ciwon ƙoda kuma, da mai shan maganin tsinka jini irin warfarin, su ga likitansu kafin su sauya cimarsu, saboda fotasiyam da bitamin K da ke cikin ganye. Wannan ba wasa ba ne.

Akwai sauran... na'am, Baba? A miƙa masa abin magana.

(Wani dattijo ya tambaya ko dankalin turawa yana cikin kayan lambun da ake nufi, domin wasu sun ce masa ya bar shi, wasu kuma sun ce yana ƙosarwa.)

Allah ya ƙara girma, Baba. Duka ɓangarorin biyu suna da abin riƙewa. A 1995, a Jami'ar Sydney ta Ostireliya, Susanna Holt da abokan aikinta sun gwada abinci iri 38. Kowane an ba da shi daidai kalori 240, aka riƙa tambayar mutane yadda suke jin ƙoshi har tsawon awa biyu. Aka ɗauki farin burodi a matsayin ma'auni, aka ba shi maki 100. Dafaffen dankali ya samu 323, shi ne ya zo na ɗaya a cikin duka. To masu cewa yana ƙosarwa sun yi gaskiya. A gefe guda kuma, masu bincike a Jami'ar Harvard ta Amurka sun bi mutane fiye da 130,000 na tsawon shekaru har 24, suka fitar da sakamako a 2015. Waɗanda suka ƙara cin kayan lambu marasa sitaci nauyinsu ya fi raguwa, waɗanda suka ƙara dankali da masara kuwa ya fi hawa. Ita ma Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta lissafa dankali da rogo cikin giram 400 ɗin nan.

Yadda nake ganin abin, Baba, mu koma kan teburin nan. Dafaffen dankali giram 100 kalori 87 ne ko kusa, domin ruwansa na jikinsa. Da an yanka shi an jefa a tafasasshen mai, ruwan ya fita yana ƙara, wannan cuwwa da kake ji a kasko ruwan ne ke gudu, mai ya shiga ya zauna a gurbinsa, sai giram 100 ya haura 300. Saboda haka ka ci dankalinka, dafaffe ko gasasshe, da ɓawonsa in an wanke shi sosai. Sai dai ka ajiye shi a kwatar hatsi, a wurin shinkafa, kada ka ci su tare ka ce ai ka ci kayan lambu. Rabin nan na ganye yana nan yana jiranka. In kuma kana da ciwon sukari, ka rage yawansa, ka auna jininka bayan ci ka ga yadda jikinka ya karɓe shi.

Na ga hannu biyu a can baya, ga shi kuma ana nuna mini agogo. Ku same ni a nan gaba bayan an tashi, ina nan ba zan yi saurin tafiya ba. Hajiya, kabejin nan naki ne, ki tafi da shi.