Amsoshin Tambayoyinku: Idan Faifan Yatsa na Laftof Ya Fara Gardama

Assalamu alaikum jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka, barkanmu da sake haɗuwa a filin Amsoshin Tambayoyinku daga nan Legas. A wannan makon saƙonni da dama sun faɗo kan abu guda, wato ɗan faifan nan da ke ƙasan madannan laftof, wanda ake shafawa da yatsa kibiya ta motsa. Masu gyara a Ikeja suna ce masa tacfad, wasu kuma su ce mawus ɗin jiki. Ni zan riƙa cewa faifan yatsa, don kowa ya gane abin da ake magana a kai.

Saƙon farko daga Agege ya fito, daga wani ɗan'uwa mai shagon buga takardu a kusa da Zango. Ya ce: "Laftof ɗina HP ce, tokumbo, a Computer Village na saye ta. Idan tana kan batir lafiya lau take. Amma da zarar na jona caji, musamman idan mun tayar da janareta, sai kibiya ta kama rawa, tana tsalle, tana buɗe abin da ban taɓa ba. Wani ya ce mini birus ne, in kai a goge komai a sake zuba Windows. Mene ne gaskiya?"

Ɗan'uwa, don Allah kada ka goge komai. Ai kai da kanka ka ba da amsar a cikin tambayarka. Birus, wato muguwar manhajar nan da ke shiga na'ura ta yi ɓarna, bai san lokacin da aka jona caji ba, bai kuma san janareta ba. Ciwon da ke zuwa da caji ya tafi da caji, wajen caja za a neme shi.

Bari in ɗan tsaya a nan, domin wannan matsalar ta fi yawa a garin nan fiye da yadda ake zato. Faifan yatsa ba nauyin hannunka yake ji ba. A ƙarƙashinsa akwai siraran layuka masu ɗauke da 'yar ƙaramar wuta, idan yatsa ya kusanto sai ya canza yanayin wannan wutar, daga nan na'urar take lissafa inda yatsan yake. Shi ya sa idan ka shafa shi da murfin biro ba ya motsi. To abin da aka gina a kan wuta 'yar mitsitsiya haka, duk wata wuta mai hayaniya da ta shigo cikin laftof za ta rikita shi, ya riƙa ganin yatsu inda babu yatsa. Caja ta jabu ba ta tace wutar da take bayarwa yadda ya kamata. Ƙaramin janaretan nan da ake ajiyewa a bakin shago shi ma wutarsa hawa da sauka take yi. Sannan ga abin da muka saba da shi: soket mai rami uku, amma ba a haɗa wayar ƙasa ba, ko kuma filogi mai ƙafa biyu da ake tura makulli a ramin sama don ya shiga. Wannan ƙafa ta uku da muke rainawa ita ce hanyar da rarar wuta ke bi ta tafi ƙasa. Idan babu ita, sai ta zauna a jikin laftof. Masu laftof mai jikin ƙarfe sun san abin da nake faɗa, akwai ɗan tsirr da suke ji a hannu idan tana caji.

Ga gwajin da za ka yi yau, ba sai ka kashe ko kwabo ba. Idan kibiya ta fara rawa, ka cire caja ka gani ko za ta natsu. Ka mayar, ka ɗora ɗaya hannun a kan wani ƙarfe na jikin laftof ɗin, kamar bakin ramin USB, ka shafa faifan da ɗayan. Sau da yawa za ka ga rawar ta ragu. Daga nan ka ari caja ta asali wajen mai irin laftof ɗinka, ka gwada ta a wutar NEPA a wani gida daban. Idan ta yi lafiya, ka san inda kuɗinka zai tafi. Kuma in za ka sayi caja, ka juya tsohuwar ko ƙasan laftof ɗin ka karanta lambobin: yawancin HP da Dell bolt 19.5 suke sha, Lenovo kuma 20, ƙarfin kuwa akwai wat 45, akwai 65, akwai 90. Ka nemi mai waya mai ƙafa uku, ka kuma auna ta a hannu, domin ta jabu yawanci sakayau take kamar babu komai a ciki. Ni a ganina gara mutum ya sayi caja ta asali da aka yi amfani da ita da ya sayi sabuwa fil ta jabu, don wadda take rikita kibiya yau ita ce za ta iya taɓa allon cikin na'urar gobe. Sai kuma ka kira mai aikin wuta ya duba wayar ƙasa ta shagon.

Saƙo na biyu shi ne ya fi tayar mini da hankali. Wata ƙanwarmu ce daga Idi-Araba, ɗaliba a jami'ar Legas da ke Akoka. Ta ce: "Watanni biyu ke nan faifan laftof ɗina ya yi tauri, sai na danna da ƙarfi kafin ya ce ƙas. Yanzu ma gefe ɗaya ya ɗan taso sama, kuma idan na ajiye ta a tebur ba ta zama daidai, tana girgiɗi. Na ɗora mata littattafai masu nauyi da dare ko za ta koma, amma ba ta koma ba."

Ƙanwata, idan kina jina yanzu, ki sauke littattafan nan, ki kashe laftof ɗin, ki cire ta daga caji. Alamomin da kika lissafa na batir ne da ya kumbura. A laftof na zamani marasa kauri, batir yana kwance ne a ƙarƙashin faifan yatsa. Batirin litiyam idan ya tsufa ko ya sha zafi, sinadaran cikinsa suna fitar da iska, iskar ta rasa mafita, sai ya tashi kamar burodi. Abin da ya fara turawa shi ne faifan da ke samansa. Taurin da kika ji wata biyu da suka wuce, lokacin ne kumburin ya fara.

Danna irin wannan batirin haɗari ne. Idan ya huje ko ya lanƙwashe yana iya kamawa da wuta, kuma wutarsa tana da wuyar kashewa. Kada ki kwana da ita a kan gado, kada ki cusa ta cikin jaka a matse ta a danfo. Ki ajiye ta a kan siminti ko tayil, nesa da labule da katifa, har ki kai wa mai gyara ya cire shi. Ki ce masa ya cire a gabanki, ba da wuƙa ko sukundireba mai tsini zai ɓamɓare shi ba. Kuma kada a jefa shi a bola, balle inda ake ƙona shara. Idan kuɗin sabon batir bai samu ba tukuna, yawancin laftof suna aiki da caja kaɗai, sai dai duk lokacin da aka ɗauke wuta za ta mutu nan take, don haka ki riƙa adana aikinki akai-akai. Idan aka cire da wuri, faifan yakan koma mazauninsa ya ci gaba da aiki. Idan aka bari, yana tsagewa, kuɗin gyara ya zama biyu.

Me ke jawo shi? Zafi ne babba. Aiki a kan katifa ko filo yana toshe ramukan shan iska. Barin laftof a cikin mota a rana, ko a cikin cunkoson gadar Third Mainland da tsakar rana, shi ma yana dafa batir. Sai kuma ɗabi'ar da rashin wuta ya koya mana, ta barin na'ura a jone dare da rana tana cike taf. Kamfanoni irin Asus da Lenovo da Dell sun sa tsarin da ke tsayar da caji kafin ya cika, wasu a kashi 80 cikin ɗari. Wanda laftof ɗinsa ke zaune a tebur kullum ya nemi wannan tsarin ya kunna.

Kafin in wuce, masu MacBook su lura. Tun daga 2015 Apple ta fara sa faifan da ba ya lotsawa ko kaɗan, wani ɗan inji ne a ƙasa yake bugawa ka ji kamar ka danna. Idan na'urar a kashe take, za ka ji shi kamar dutse, kuma haka aka yi shi. Kada wannan ya tsorata kowa. Amma idan tana kunne ya ƙi dannuwa, ko ka ga ya taso, a duba batir.

Na uku daga kasuwar Mile 12, wani Alhaji mai harkar albasa da ke rubuta lissafin kaya a laftof. Ya ce jikansa ya yi wasa da ita, tun daga ranar kibiya ta tsaya cak.

Alhaji, ranka ya daɗe, ina kyautata zaton ba abin da ya lalace, yaron ya kashe faifan ne kawai. Ka duba layin madannan sama, daga F1 zuwa F12, za ka ga ɗaya mai hoton ɗan faifai, wani lokaci da layi a kansa. Ka danna shi, in bai yi ba ka haɗa shi da madannin Fn. A yawancin Acer F7 ne, a tsofaffin Asus F9. Idan kuma HP ce irin ta ofis, ka dubi kusurwar hagu ta sama a jikin faifan: in ka ga 'yar fitila ruwan goro tana ci, ka taɓa wurin sau biyu da sauri, za ta mutu, kibiya ta dawo. In duk bai yi ba, ka danna madannin Windows tare da harafin I, saiti zai buɗe, ka rubuta Touchpad a wurin nema, ka tabbata a kunne yake. A can ma akwai wani zaɓi da ke kashe faifan duk lokacin da aka jona mawus na waje, don haka ka duba ko akwai ɗan ƙaramin kan mawus mara waya da aka manta a ramin USB.

Sai wani malamin Islamiyya daga Obalende. Ya ce an sake zuba masa Windows a kasuwa, ya dawo gida ya tarar kibiya tana motsi, amma jan shafi da yatsu biyu ya daina, kuma tafin hannunsa yana ta taɓa faifan idan yana rubutu, rubutun ya koma wani layi.

Allah gafarta Malam, wannan maganar direba ce, wato 'yar manhajar da ke fassara tsakanin faifan da Windows. Faifan laftof yawanci kamfanonin Synaptics ko Elan ko Alps ne suke ƙera shi, kuma idan babu direbansa, Windows tana ɗaukarsa kamar tsohon mawus mai maɓalli biyu. Shi ya sa ya manta yatsu biyu, ya kuma kasa bambance yatsa da tafin hannu. Ka danna Windows da X, ka zaɓi Device Manager, ka duba ko akwai wani abu mai alamar gargaɗi ruwan ɗorawa. A sababbin laftof sau da yawa sunan da za ka gani shi ne I2C HID Device, kuma in laftof ɗin mai injin Intel ce, maganinsa yawanci direban da ake kira Intel Serial IO. Ka fara barin Windows ta sabunta kanta a inda intanet ke da ƙarfi. In ba ta kawo ba, ka juya ƙasan laftof ka kwafi lambar samfurinta, ka shiga shafin kamfanin da ya ƙera ta ka sauke daga can. Ka guji manhajojin nan da ke cewa za su gyara dukkan direbobi da dannawa ɗaya, ɓarnarsu ta fi gyaransu. Idan Acer ce, akwai wani wuri a cikin BIOS, wato saitin na'urar kanta wanda ake shiga da F2 lokacin kunnawa kafin Windows ta tashi, inda ake zaɓar Basic ko Advanced ga faifan. Idan an bar shi a Basic, yatsu biyu ba za su yi aiki yadda ya kamata ba. Kuma Malam, ka tambayi wanda ya zuba maka wace Windows ce, domin Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025. In na'urarka za ta ɗauki Windows 11, ita ta fi.

Saƙon ƙarshe gajere ne, daga wata Hajiya a Alaba Rago. Shayi ya zube a gefen faifan, ta goge, ta sa laftof ɗin cikin buhun shinkafa kwana biyu. Ta yi aiki mako guda, yanzu danna hagu ya daina.

Hajiya, sannu. Shinkafa ba ta shiga cikin na'ura ta kwaso ruwa, kuma ko ruwan ya bushe, sukari da madara suna nan. Su ne suke janyo laima, ga shi iskar Legas da ma jiƙe take, sai tsatsa ta fara cin bakin siririyar wayar nan mai kama da ribon da ke haɗa faifan da allon ciki. Ki kai a buɗe, a cire batir tukuna, a wanke wurin da sinadarin da masu gyara ke amfani da shi, a duba bakin wayar. Ki ce a gwada canza wayar kaɗai kafin a yi maganar sabon faifai, domin ta fi araha nesa ba kusa ba, kuma sau da yawa ita ce ta mutu. Kafin ki miƙa ta, ki kwashe hotuna da takardunki a filas. In an canza wani abu, ki karɓi tsohon ki taho da shi. Kafin nan, mawus na waje mai USB zai riƙe ki, ki ci gaba da aikinki. Kuma ga ku duka, idan an fito daga alwala ko hannu ya yi gumi, a goge shi ya bushe kafin a taɓa faifan, domin ɗigon ruwa ɗaya yana iya zama masa kamar yatsa na biyu.

Lokaci ya cimmana. Ƙanwarmu ta Idi-Araba, ki sake rubuto mana idan an cire batirin, mu ji ko faifan ya koma daidai. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu, wassalamu alaikum.