Awa Ɗaya da Goggon Birin Tsauni: Dalilin Ƙayyade Ziyarar

Masu kallo, wurare biyu ne kacal a duniya ake samun goggon birin tsauni: tsaunukan Birunga, inda iyakokin Ruwanda da Uganda da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango suka haɗu, da kuma dajin Bwindi da ke kudu maso yammacin Uganda. Ƙidayar da aka yi a Birunga a shekarar 1981 ta nuna cewa kimanin 250 ne suka rage a tsaunukan, har masana da dama suka fara fidda rai da su. Amma zuwa 2018 adadinsu gaba ɗaya ya haura 1,000, kuma a shekarar ce ƙungiyar IUCN mai fafutukar kare halittu a duniya ta cire su daga rukunin dabbobin da ke dab da ƙarewa, ta mayar da su rukunin waɗanda ke cikin haɗari. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga dabbar da macenta ke haihuwar ɗa ɗaya a kusan kowace shekara huɗu.

Masu yawon buɗe ido suna da hannu a wannan nasara, sai dai bisa sharuɗɗa masu tsauri. Tun da asuba masu bin sawu ke shiga daji, su nufi wurin da iyalin birai suka kwana jiya, inda za su tarar da shimfiɗun ganye da kowane babba ya lanƙwasa wa kansa, daga nan su bi karyayyun rassa da ragowar gora har su cim musu. Sai sun same su sannan su sanar da jagoran baƙi ta rediyo. Tafiyar kan ɗauki sa'o'i cikin laka da hazo da ciyayi masu ƙaiƙayi, a tudun da iska ta yi ƙaranci har numfashi ke yi wa mutum nauyi. Idan an isa, baƙi takwas kawai ake bari su ga iyali ɗaya a rana, kuma awa ɗaya ce rabonsu.

A cikin wannan awar baƙo zai ga uban garke, mai furfura a gadon baya, zaune yana ɓare tsiro da yatsunsa cikin natsuwa, yara kuma suna birgima a kansa ba tare da ya ko ɗaga ido ba. Ma'aikata suna bambanta kowane ɗaya da tsarin layukan da ke saman hancinsa, domin babu biyun da nasu ya zo ɗaya. Wannan natsuwa ba haka kawai ta samu ba, don kuwa sai an shafe kimanin shekara biyu ma'aikata suna zuwa kusa da iyali kullum kafin su saba da ganin mutum.

To, me ya sa ake ƙayyade lokacin? Babban dalili shi ne cuta. Halittar goggon biri ta yi kusa da ta ɗan Adam ƙwarai, saboda haka murar da mutum zai warke daga ita cikin 'yan kwanaki tana iya zama ciwon huhu da zai kashe biri. Shi ya sa ake buƙatar baƙo ya sa takunkumi, ya bar tazarar mitoci da dama tsakaninsa da biran, kuma idan yana tari ko zazzaɓi ya haƙura da tafiyar. A ganina wannan sharaɗi na ƙarshe ya fi kowanne muhimmanci, kuma shi ya fi wuyar cikawa, domin wanda ya biya kuɗi mai yawa ya ƙetaro nahiya yana iya ɓoye murarsa.

Kuɗin kuwa da yawa. Tun 2017 takardar izinin mutum ɗaya a Ruwanda ta kai dala 1,500, kuma gwamnati na ware kashi 10 cikin 100 na kuɗin shigar gandayen daji domin ayyuka irin su makarantu da asibitoci a ƙauyukan da ke kewaye. Hikimar a fili take: manomin da ke amfana da dajin zai fi jinkirin ɗana tarko a cikinsa. Galibi don gada ake ɗana tarkon waya, amma yakan kama hannun ɗan biri, wayar ta nutse cikin nama, har sai likitocin dabbobi sun shiga daji sun cire ta.

Akwai kuma waɗanda suka biya da abin da ya fi kuɗi. A gandun dajin Birunga na Kwango, wanda aka kafa a 1925, fiye da ma'aikatan tsaro 200 ne suka rasa rayukansu a hannun 'yan bindiga da mafarauta. Su kuma 'yan ƙabilar Batwa, waɗanda suka rayu a cikin dazukan tun kaka da kakanni, an fitar da su daga Bwindi lokacin da aka mayar da shi gandun ƙasa a farkon shekarun 1990, kuma da yawa daga cikinsu har yau ba su da gonar kansu. Duk wanda ke shirin wannan tafiya, ya kamata ya tambayi kamfanin da zai kai shi ko nawa ne daga kuɗinsa zai isa hannun waɗannan mutane.