Fodkas: Yadda ake jera wa dokin kwamfuta ƙasusuwa

Sadiya: Assalamu alaikum masu sauraro. Yau doki za mu sa ya yi tafiya a Blender, manhajar ƙera siffofi da motsa su a kwamfuta. Malam Habu, an gama sassaƙa siffarsa, sai me?

Habu: Sai rigin. A jera masa ƙasusuwa a ciki, a haɗa su da 'yan maɓallan da mai motsa hoto zai riƙa ja. 'Yan koyo kuwa sai su ɗauko kwarangwal ɗin mutum su durƙusar da shi, wai sun yi doki.

Nura: To ba ƙafa huɗu ba ce dai, Malam?

Habu: Ina! Doki a kan yatsa ɗaya yake tsaye, kofaton nan farcensa ne. Abin da kake gani kamar gwiwa a ƙafar gaba, wuyan hannu ne. Gaɓar ƙafar baya da ta lanƙwasa ta baya kuma diddige ce. Gwiwar ainihi tana can sama, kusa da ciki.

Sadiya: Shi ya sa wasu dawakan katun ke tafiya kamar teburi.

Habu: Wannan yawanci laifin kafaɗa ne. Doki ba shi da ƙashin nan na ƙasan wuya da ke haɗa kafaɗarmu da ƙirji. Tsoka ce kawai ke riƙe da allon kafaɗarsa, yana zamewa a kan haƙarƙari. In ka kafe shi wuri ɗaya, duk kyan fatar da ka yi a banza, takun ba zai yi nauyi ba.

Nura: Amma Rigify, kayan aikin rigin da ke cikin Blender, yana da kwarangwal ɗin doki a shirye, har da na kyanwa da kerkeci.

Habu: Yana da shi, kuma yana rage wahala, musamman IK, wato tsarin da ke kafe kofato a ƙasa jiki na motsi. Sai dai kai za ka zauna ka raba wa kowane ƙashi fatar da zai ja. A hammata da cinya ake shan wuya, nan fata ke murɗewa.

Sadiya: Da me za a gwada shi?

Habu: Da sukuwa. Hotunan da Eadweard Muybridge ya ɗauka a Kalifoniya a 1878 sun nuna ƙafafu huɗu na barin ƙasa lokacin da suka tattaru ƙarƙashin ciki. In rigin ɗinka ya iya wannan tattaruwar ba tare da ciki ya lotsa ba, ka wuce zuwa wuya da kunnuwa.

Nura: Bari in je in kwance kafaɗar nawa tukuna.